Katantanwar Rijiyar Dabo

Wanda bai taɓa kallon sama daga gindin rijiya ba, ya gan ta ta koma kamar bakin ƙwarya, to ya yi shiru mu yi magana. Mu da yunwar Kakalaba ta kwashe rabin gari ta bar mu tsaye, mu ke da labari. A cikinmu kuwa, daga Kalmalo har Kwanni, ba a yi mahaƙin rijiya kamar Dabo ba. Shi ma ya san haka, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shekara goma bayan Kakalaba wani Bature ya sauka Illela. Bai tambayi haraji ba, bai tambayi jangali ba, sai duwatsu. Duk inda ya ga tsakuwa sai ya tsuguna, shi ya sa aka sa masa Mai-Tsakuwa. Shi ya sa Dabo haƙa rijiya gabas da kasuwa. Dabo yana da tsarin da ya gada wajen ubansa: ƙasar kowace gaba guda ta zurfin rami tulinta daban, a jere, taku goma daga bakin rijiya, don mai ido ya duba ya san ko ruwa ya kusa. Da Bature ya ga tulin nan a jere, sai ka ce an yi masa albishir da haihuwa.

Tafintan Bature kuwa Boyi ne, ɗan ƙauyen Araba. Yana ɗan shekara bakwai mahara suka ɗauke shi a gona, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin 'yan Mishan a Lakwaja. Can ya koyi boko, can ya shiga addininsu, can ya yi aure, matar ta rasu ta bar masa 'ya guda, Altine. Da ya dawo bayan shekara talatin, uwarsa Kubra ta gane shi da tsagar fuskarsa, ta rangaɗa guɗa. Da ta ji ba ya salla, sai ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ran da aka sace shi.

A duk ƙasar Illela Kirista biyu ne, shi da yarinyar. Ba coci, ba makaranta, don Turawan mulki da kansu sun hana 'yan Mishan shiga ƙasar Sarkin Musulmi. Bature ba ya ci tare da Boyi, mutanen gari ba sa sa hannu a akushinsa. Arewa iyakar Faransa ce, inda ake kwasar maza aikin tilas. Kudu kuwa ba shi da kowa sai kabarin matarsa. Abin da ya rage masa shi ne safiya: ya zauna gindin aduwa da Altine, mai shekara goma sha ɗaya, ya buɗe baƙin Littafinsa, ta bi layi da yatsa tana karanta yadda Allah ya yi sama da ƙasa cikin kwana shida.

A gaba ta goma sha biyu dagin Dabo ya ci karo da farin dutse. Da aka jawo kwando aka zube, sai ga katantanwa a cikin dutsen, ita kanta ta zama dutse, wata kamar tafin hannu, wata kamar ƙwayar gero. Bature ya rasa inda zai sa kansa. Ya hau bisa tulin ƙasa ya shiga bayani ga duk wanda ke wurin, Boyi na juyawa da Hausa, don aikinsa ke nan.

Ya ce nan da ake tsaye teku ce a da. Ya ce shekara dubu sau dubu, kafin a yi mutum ko guda. Ya ce dabbobi ba haka aka fara su ba, wani iri ne ke fita daga wani a hankali, har mutum da biri in an bi sawu can baya kakansu guda.

Aka kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "Shi dai ya san danginsa!" Boyi ya juya zai yi murmushi, sai ya ga Altine tsaye da akushin abincinsa a kai. Ba daga bakin Bature ta ji ba, don ba ta jin Turanci sosai. Daga bakin ubanta ta ji, bakin da ya karanta mata kwana shida da safiyar nan.

Kafin kwana biyu yaran unguwa sun sa mata Jikar Biri.

Ranar Alhamis Boyi ya kawo ta bakin rijiya, ya ɗauki katantanwa guda ya sa mata a hannu.

"Ruwan Ɗufana ne, Altine. Zamanin Nuhu ruwa ya rufe duniya, ya janye ya bar waɗannan. Bature ya ga sawun, ya ɓata lissafi ne kawai." Ya dubi Dabo, kallon mai roƙo. "Ko ba haka ba, Sarkin Haƙa? Ai ku ma kun san Annabi Nuhu."

Da Dabo mai gajeren harshe ne, da ya ce haka ne, kowa ya tafi gida. To amma an taɓa sana'arsa a gaban mutane.

"Ni ba ni musun Annabi Nuhu, Allah shi tsare," in ji Dabo. "Amma wanga ba aikin ruwa guda ba ne, tafinta. Ni ɗan Kalmalo ne. Tabki in ya cika ya janye, laka nawa shika bari? Kaurin ɗan yatsa! To can ƙasa shimfiɗa ce bisa shimfiɗa, kamar tabarmi a rumfar dillali, na ƙirga har na gaji. Tsakani ma ga inda ƙasa ta bushe ta tsattsage da rana, kana ruwa ya komo ya ruhe ta. Wace ambaliya ce ka bushewa a tsakiya ta dawo? Ba a yi wanda ya kai ni karatun ƙasa ba, ko Baturen naka."

Ya gama yana jiran a yaba. Altine ta ajiye katantanwar a ƙasa a hankali.

"Baba, ka ji?" ta ce. Ta juya ta tafi.

Da mutane suka watse, Boyi ya tsaya kan Dabo.

"Ka san abin da ka yi mini? Inna ta daɗe tana cewa ni na riga na ɓace, in ba ta jikarta ta raina a Araba. Tun ran da Bature ya yi bayaninsa yarinyar nan ta ce mini, ko Littafi ke ƙarya, ko Bature, ko ni. Ta ce in ban gaya mata wanne ba kafin ranar kasuwa, za ta bi kakarta, can aƙalla magana guda ake yi. Kwana uku ya rage. In ta tafi, da wa zan buɗe Littafin nan?"

Dabo ya ji abin ya soke shi, amma irinsa ba ya cewa na yi kuskure.

"Kai ma da naka laihi. Mu a sana'armu, wanda bai sauka ba ba shi ba da labarin ƙasa. Kai kana bisa, kana hwaɗin na Bature, kana hwaɗin na Littahi, ba ka taɓa ko guda da hannunka ba."

"Wasu sun ce Baturen ne ke binne su da kansa."

"A cikin rijiyata? In ka isa namiji, sauka ka gani."

"Zan sauka," in ji Boyi.

Nan ne Dabo ya yi kuskure na biyu. Ya bi majalisa-majalisa yana shela cewa ran kasuwa zai saukar da ɗan Mishan gaba goma sha huɗu ya hau da shi lafiya, a ga ko aljanun ƙasa za su karɓe shi. Ran nan Bature ya tafi Kwanni gaida kwamandan Faransa. Tun hantsi kasuwar dabbobi ta koma bakin rijiya: dillalai, Fulani, mata da tallan fura, har Inna Kubra da jakinta, ta zo tafiya da jika. Dabo da ya hana tulin ƙasa kusantar baki don nauyi, yau ya bar mutum ɗari suna leƙe, don yana jin daɗin kallonsa da ake yi.

Ya fara sauka. Ƙanensa Idi, babban mai jan igiya, ya ɗaura wa Boyi igiya a ƙugu aka zura shi. Sama ta yi ta ƙanƙancewa. A gindi akwai ɗan kogo da kowane mahaƙi na ƙwarai ke sara a gefe, don ya raɓe in guga ya tsinke. Dabo ya kunna fitilar mai ya ɗaga. Bangon duka katantanwa ne, layi bisa layi, a manne cikin dutse. Boyi ya sa farce ya ƙwaƙula, ta ƙi fita. Ya ɗauki dagi ya sara inda hannu bai taɓa taɓawa ba. Dutse ya ɓare, ga wata a ciki.

Sai rairayi ya zubo wa Dabo a wuya. Kaɗan, kamar an yayyafa gishiri.

Bai tsaya kallon sama ba. Ya cafki Boyi ya cusa shi kogo, ya bi shi. Bakin rijiya ya karye. Itatuwan da aka gicciya a sama suka rufto, suka maƙale a ƙuncin da ke bisa kansu kaɗan, ƙasa ta bi ta danne su. Wadda ta tsiyayo ta tsakaninsu ta cika gindin har ƙugu. Ihun mutane ya yanke kamar an rufe tukunya.

Fitila ba ta mutu ba, don Dabo ya kare ta da ƙirjinsa. Kogon bai fi cikin rumbu ƙarami ba. Kafaɗa na gugar kafaɗa, ƙafafu a binne, ko juyawa ba hali.

"Kak ka yi ihu," in ji Dabo. "Iskar ga ƙwarya guda ce, mu biyu ka shanta."

Boyi ya runtse ido yana addu'a da harshen Lakwaja. Dabo ya yi tasa. Suka gama, ba abin da ya motsa.

"Za su tono mu?"

"Idi na bisa. Ni na koya mishi. Sai dai da ƙwarya za a kwashe, in an sa ƙarhi sauran ta rufto." Ya gyara riƙon fitila. "In munka mutu nan, tafinta, kabari guda ke nan. Mala'iku za su sha aikin rabo."

Boyi ya yi wata dariya da ta koma tari.

Lokaci ya tsaya. Zufa ta jiƙe su, ƙasa ta bi ta manne. Harshen fitila ya fara ja, yana gajarcewa, kuma duk mahaƙi ya san abin da wannan ke nufi. Dabo, wanda bai taɓa jin tsoron rami ba, ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Don ya kau da hankalinsa sai ya matsa da fitilar jikin bango, inda ruftawar ta ɓantare dutse. Haƙora ne a jere, baƙaƙe, cikin wani dogon muƙamuƙi siriri kamar muciya.

"Duba nan. Kado ne, amma ba irin na Kalmalo ba. Na Kalmalo na san su, guda ya taɓa kama ni a cinya na tsone mishi ido. Bakinsu hwaɗi gare shi. Wanga iri ya ƙare, wani ya gaje shi."

"To Bature ya yi gaskiya," in ji Boyi. Ya faɗe ta kamar mai karɓar hukuncin alƙali. "Shekara ashirin da biyar ina riƙe da Littafin nan, Dabo. Da aka raba ni da uwata, shi kaɗai ya ce mini ni ba kaya ba ne, da siffar Allah aka yi ni. Yanzu in hau in ce wa 'yata me?"

"Ni ban yi karatu ba, ko allo ban gama ba. Amma ka san Jaɓɓo, Bahillacen da ka shayar da shanu a tabki? Ubansa ya bar mishi garke jajaye. Shi hwarare shika so. Bai shafa musu alli ba, bijimi kawai ya riƙa zaɓe. Yau je ka gani. To in Jaɓɓo, da ko wankan kirki ba shi yi, ya iya haka cikin shekara ashirin, Mai Sama hwa, da ba a ƙirga mishi kwana?"

"Na biri fa?"

"Wannan ban haƙo shi ba. Abin da ban haƙo ba, ba ni rantsuwa kansa. Amma Littahin naku, da mi ya ce anka yi mutum?"

"Da ƙasa."

"Mu ma haka. To ga ta nan har ƙugunka. Ka ga ta hi biri kyau?"

Fitila ta yi ƙyaf, ta mutu.

A cikin duhun nan ba wanda ya san ko azahar ta yi. Numfashi ya koma aiki, a ja a ja ba ya isa. Kan Dabo ya fara sara. Ya ji Boyi ya jingina da shi, jikinsa ya saki, ya zungure shi da gwiwar hannu kada ya yi barcin da ba a tashi. Sai suka ji ƙwas, ƙwas a sama. Ƙasa ta zubo, wani abu mai sanyi ya ratso tsakanin itatuwa ya daki kafaɗar Dabo. Bututun ƙarfe ne, na Bature, wanda yake huda ƙasa da shi. Idi ne ya tuna da shi. Dabo ya zare tsumman da aka toshe bakinsa da shi, iska ta shigo siririya, suka riƙa karɓa bi da bi kamar masu shan fura a ludayi guda.

Muryar Idi ta biyo bututun. Ya ce suna kwasa, amma gefen gabas na tsagewa, bai yi alkawari ba. Sannan wata ƙaramar murya ta zo.

"Baba? Kana da rai?"

Boyi ya kai bakinsa ga bututun. Dabo ya sakar masa shi. Ya san abin da ke ransa: in maganar ƙarshe ce, wacce zai bar mata? Ya ce Ɗufana ce, ta riƙe Littafi a kan ƙarya? Ko ya ce Bature, ta jefar da shi?

"Ina nan, Altine. Ki saurara, iska ba ta da yawa. Ran Alhamis na yi miki ƙarya. Ba Ɗufana ba ce. Na sara da hannuna, ba wanda ya binne su. Sun daɗe a nan fiye da yadda na iya ƙirgawa."

Ta ce, "To Littafi ne ke ƙarya."

"Ban ce ba. Littafi ya gaya mana Wanda ya yi. Ni har yanzu na gaskata, nan cikin ramin nan ma Shi na kira. Amma kwanansa guda, ban san tsawonsa ba. Na ɗauka irin namu ne, don ban taɓa saukowa ba."

"Biri fa? Yaran unguwa suna ce mini Jikar Biri."

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, 'yata. Na ji tsoron in faɗa miki haka ki raina ni, shi ya sa na yi ƙarya. In na fito mu yi ta nema tare. In ban fito ba ki bi Inna, tana son ki. Ki tafi da Littafin dai."

Boyi ya kira sunanta sau biyu. Sai wata tsohuwar murya ta cika bututun har yana kaɗawa.

"Boyi! Ɗan nema! Anka sace ka sau guda na haƙura, yanzu kuma ƙasa za ka ba kanka? Ka hito nan in ga idonka! Ɗiyarka ta karɓe ƙwaryar mai hura tana kwasar ƙasa, an hana ta ta ƙiya."

Bayan la'asar haske ya tsago. Aka zare itatuwa ɗaya bayan ɗaya, aka zuro igiya. Dabo ya tone ƙafafun Boyi da hannu, ya ɗaure shi, ya ja igiya sau biyu. Shi sai daga baya, don mai rijiya ba ya riga baƙonsa fita. Da ya iso baki ya zauna daɓas, amma bakinsa bai mutu ba.

"Na ce zan hau da shi lahiya ko ban ce ba?"

"Rufa mana baki, yaya," in ji Idi, yana share hawaye da bayan hannu.

Boyi na kwance bisa tulin gaba ta biyar, fari fat da ƙurar dutse. Inna Kubra ta wanke masa fuska tana zaginsa. Jakinta na tsaye, an riga an ɗaura ƙunshin kayan Altine a kai. Yarinyar ta tsuguna gefen ubanta, farcenta duk jini. Hannunsa na dama a dunƙule yake tun daga ƙasa, ya ƙi buɗuwa. Ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Katantanwar da ya sara da kansa ce.

"Dare na yi, Altine," in ji Kubra. "Araba ba kusa ba ce ga tsohuwa."

Altine ta juya dutsen a tafinta. Ta tashi ta je wurin jaki, ta kwance ƙunshinta.

"Kaka, ki gaida gida. Zan zo in kwana biyu in an yi girbi. Akwai abin da ba mu gama ba ni da Baba."

Kubra ta dube ta, ta dubi ɗanta. Ta ce taurin kai dai gado ne, ba ta san inda suka samo shi ba. Ta hau jakinta.

Dabo ya sake ɗaure bakin rijiyar da marmara, ya kafa doka ba mai matsowa, ya sami ruwa a gaba ta goma sha bakwai. Ruwan da ɗan gishiri-gishiri, ya ce sauran tekun Bature ce, kuma shi ya fara ɗanɗana ta a duk ƙasar Sakkwato.

Boyi kuwa ba abin da ya sake masa. Mutanen gari ba su fara ci da shi ba, Bature bai daina bayaninsa ba, shi kuma bai daina juyawa ba. Yara ba su bar waƙar biri ba sai da suka gaji don kansu. Amma da safe in Dabo zai wuce da daginsa, yakan gan su gindin aduwa. Yarinyar ta karanta layi biyu ta tsaya ta yi tambaya, uban ya amsa wadda ya iya, wadda bai iya ba ya ce bai sani ba, ta harare shi ta ci gaba. Katantanwar nan a shafin farko ta sa ta, inda aka ce kwana shida. Tun daga ranar Littafin bai ƙara rufuwa daidai ba, sai da ta samo zare tana ɗaure shi.